Hanjina a cikin ƙirji: yadda aka gano ƙabar da aka haife ni da ita har aka yi mini aiki

Ina da shekara 34 da 'ya'ya huɗu aka gano cewa tumbina da wani sashe na babban hanjina sun bar mazauninsu sun haye cikin ƙirjina ta gefen hagu, sun danne huhu, sun ture zuciya zuwa dama. Ƙofar da suka bi kuwa da ita aka haife ni. Ni malamar firamare ce a cikin birnin Zariya, ban taɓa jin irin wannan ciwo ba kafin ya same ni, kuma duk wanda ya zo dubiya na ba shi labari sai ya riƙe baki. Yawon da muka sha ni da maigidana kafin a san sunan ciwon ya fi aikin tiyatar kansa wahala, domin ba mu da wanda zai ce mana daga wannan ƙofa sai waccan. Shi ya sa na ga ya dace in tsara yadda abin ya gudana tun daga farko, ko Allah zai sa wani ya taƙaita tasa wahalar.

Tun ina budurwa ba na iya cin abinci da yawa. In na ci tuwo na ƙoshi sai in ji ƙirjina ya cika, wani abu ya tokare ni ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. A gida aka yanke cewa olsa ce, mai kemis ɗin unguwa ma haka ya ce, na yi shekara da shekaru ina shan farin maganin nan na ruwa da ƙwayoyin rage zafin ciki. Yakan lafa, saboda haka ba wanda ya kawo wani abu a ransa. Duk cikin da na ɗauka abin yakan ƙaru a watannin ƙarshe, to amma wace mai tsohon ciki ce ba ta haki? Bayan haihuwa ta huɗu ne hakin ya ƙi tafiya. Na gama wankan jego, aka yi arba'in, na koma makaranta, amma in na yi shara ko na ɗauki bokitin ruwa sai na nemi wuri na zauna. Ruku'u da sujada suka zama aiki: da zarar na sunkuya numfashi ya ɗauke, in ɗago ina neman iska. Da dare kuma, ƙugin da kowa ke ji a cikinsa ni a ƙirji nake jin nawa, wajen ƙasan nonon hagu, har Malam, maigidana, ya taɓa ɗora kunnensa ya ce shi ma yana ji. Da azumi ya kama sai abin ya fito fili. Da rana, ciki ba komai, lafiyata ƙalau, ina koyarwa ina girki. Ana shan ruwa in sha kunu in ci ƙosai, shi ke nan, ba na iya tashi sallar magariba sai na jingina da bango na daɗe. Duk wanda numfashinsa ke tsananta bayan cin abinci ya faɗa wa likita haka ɗin da bakinsa, ya haɗa hakin da abincin a magana ɗaya. In ka ce kawai kana haki, hankalin likita kan zuciya da huhu zai tafi, kuma yana da hujjarsa.

Wurin farko da muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi ne. Da likitan ya ji ban daɗe da haihuwa ba, na yi wankan ruwan zafi na sha kunun kanwa, sai ya fara zargin zuciya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi ta rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, har yau kuma ana ganinsa, don haka duk mai jegon da ta zo da haki nan ake fara dubawa. Ya danna ƙafafuna bai ga kumburi ba, ya auna jini, ya tura ni awon zuciya na wayoyin da ake mannawa a ƙirji da kuma sikanin na zuciya. Mai sikanin ɗin ya daɗe yana yawo da na'urar, ya ce zuciya tana aiki yadda ya kamata, sai dai ta ɗan karkata dama, kuma da ƙyar yake hango ta ta hagu saboda iska ta tare masa. Ya rubuta hakan a layin ƙarshe na rahotonsa, ba wanda ya tsaya a kai. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga duhu a ƙasan huhun hagu, aka ce nimoniya ce. Na shanye magani, aka canja wani, shi ma na shanye, jiya i yau. Sai aka ce a gwada tarin tibi. Gwajin kaki da na'urar GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, har da babbar cibiyar nan ta Saye da ke wajen Zariya, maganin ma kyauta ne, kuma ba abin kunya a ciki. Ana ba ka 'yar roba mai murfi ka tofa kakin da ya fito daga ƙirji, ban da yawu. Nawa ya fito babu komai. Na yi murna, na kuma yi kuka a hanyar gida, domin an sake rufe wata ƙofa ba a buɗe mini ko ɗaya ba.

A gida kuwa kowa da nasa maganin. Goggona ta ce iska ce ta shige ni lokacin jego, a kira wanzami ya yi mini ƙaho a haƙarƙari. Wata maƙwabciya ta kawo hayaƙi, wata ta ce asma ce ta ba ni abin shaƙa na ɗanta, akwai masu raɗe-raɗin sammu. Malam ya ce rubutu da addu'a ya yarda, amma ba wanda zai sa mini aska a ƙirji ba a san me ke ciki ba. Abu ɗaya da ya yi tun farko shi ne ya ceci raina daga baya: ya samo babbar ambulan mai ruwan ƙasa, duk hoton da aka ɗauka, duk rahoto, duk rasit, nan yake zuba su, kuma ba ma fita asibiti sai da ita.

Wani dare bayan na ci tuwo ciwo ya turnuƙe ni daga saman ciki har kafaɗar hagu. Ina yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai kumfa, gumi ya jiƙa ni, magana ma ba ta fita. Maƙwabcinmu ya ɗauke mu a motarsa zuwa wani asibitin. Aka ɗauki sabon hoto, ya nuna wata babbar da'ira cike da iska a ƙirjin hagu, da ruwa kwance a ƙasanta. Matashin likitan da ke aikin dare ya ce ruwa da iska ne suka taru a ƙirji, za a huda tsakanin haƙarƙari a sa roba a zuƙe su. Har an rubuta wa Malam kayan da zai sayo, sai ga wani dattijon likita da aka kira ya iso. Ya tambaya ko an taɓa ɗaukar hoto a baya, Malam ya zaro na farko daga ambulan. Ya ɗaga su biyun ya kara da fitila, ya daɗe yana kallo, ya ce duhun da ke hoton farko da na yanzu ba siffarsu ɗaya ba, kuma ba ya ganin layin tsokar da ta raba ƙirji da ciki ta hagu a kowannensu. Ya ce kowa ya yi shiru. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjina ya tsaya cik, bai ce in ja numfashi ba, sauraro kawai yake yi. Can ya yafito matashin ya ce, "Zo ka ji." Sannan ya dube ni ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ba za a soka miki komai a ƙirji ba. Motsin hanji nake ji a nan." Aka zura mini roba ta hanci zuwa tumbi, da ƙyar ta wuce, tana wucewa iska da ruwan abinci suka yi ta fita, na ji an sauke mini nauyi, numfashi ya dawo. Da aka sake hoto, robar ta gangara ƙasa sannan ta lanƙwaso ta dawo sama cikin ƙirji. Tumbin ne ke can.

Na tsaya a kan wannan dare ne saboda nan haɗarin yake. Tumbin da ya kumbura a cikin ƙirji yana kama da iskar da ta taru a bayan huhu in an kalli hoto, kuma in aka huda shi abin da ke ciki zai zube a ƙirji, wanda yakan kai ga rasa rai. Akwai lokacin da sa robar ƙirji cikin gaggawa ita ce ceto, wannan aikin likita ne ya tantance. Naka shi ne ka ajiye masa tsofaffin hotuna a gabansa, ka gaya masa maganar ƙugi a ƙirji da haki bayan cin abinci kafin ya yanke shawara.

Da na samu sauƙi dattijon ya rubuta mana takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, zuwa ga likitocin tiyatar ƙirji. Ya ce in ciwon ya dawo da amai kada mu jira ranar ganin likita, mu wuce sashen gaggawa ko ƙarfe nawa ne. A tabbata takardar turawa tana ɗauke da abin da aka gani da abin da ake zargi da sashen da aka tura ka, da sa hannu da hatimi, a kuma yi mata kwafi kafin a miƙa. Daga cikin gari muna fita ne bayan sallar asuba, mu bi ta Kwangila da Samaru mu hau hanyar Funtuwa, domin mutane daga jihohi da dama suke zuwa, wanda ya riga shi ke gaba a layi. Matakin farko wurin yankar kati ne: a biya, a karɓi rasit, a buɗe maka fayil a ba ka lamba. Wannan lamba ka rubuta ta a waya da bayan ambulan, ko'ina ita za a fara tambaya. Kuɗin kati ba shi da yawa. Abin da za ka tambaya a nan shi ne wace rana ce likitocin sashenka ke ganin marasa lafiya, domin kowane sashe da ranarsa. Ka tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, da wanda zai riƙa zirga-zirgar biyan kuɗi, mai haki ba zai iya wannan tafiya ba. Asibitin koyarwa ne, saboda haka ƙaramin likita ne zai fara ɗaukar tarihinka tiryan-tiryan, sannan babba ya zo da ɗalibai. Da farko na takura da ganin taro a kaina, na ce ina son ma'aikaciyar jinya mace ta tsaya kusa, aka kira mini ita ba musu. Da na ga yadda ɗaliban ke karɓar abin sauraro ɗaya bayan ɗaya suna jin abin da dattijon nan ya ji, sai na saki jiki. Gobe su ne za su kwana a asibitocin da irina za ta je da tsakar dare.

Babban likitan ya ce sai an yi hoton CT na ƙirji da ciki da ruwan da ke haska hanji kafin ya ce komai. Kafin hoton akwai gwajin jini na ƙoda, domin ƙoda ce ke fitar da ruwan allurar da za a yi maka, kuma mace za a tambaye ta ko tana da ciki. Na gaya musu ina shayarwa, suka ce ba sai na daina ba. An ce in zo ban ci komai ba na wasu awanni, aka ba ni wani ruwa na sha a hankali, aka kwantar da ni a gadon da ke shiga cikin na'ura mai zagaye. Da aka tura allurar na ji ɗumi ya ratsa ni daga maƙogwaro har mara, har na zaci fitsari ya kufce mini, ashe haka mutane da yawa ke ji, kuma nan da nan ya wuce. Ana ce maka riƙe numfashi, saki, an gama. A duk gwaje-gwajen shi ya fi tsada, ya cinye fiye da rabin albashina na wata. Ana yin sa a asibitin, akwai kuma wurare masu zaman kansu a Zariya da Kaduna, farashi kuma yana canjawa, gara ka tambaya da kanka. Duk inda ka yi, ka karɓo hoton kansa tare da rubutaccen rahoto. Likitan tiyata da idonsa yake son gani.

Ranar da muka koma da sakamako har da Inna, mahaifiyata, muka je. Likitan ya juya bayan wata takarda ya zana mana. Ya ce akwai shimfiɗaɗɗiyar tsoka a ƙarƙashin huhu, ita ce ta raba ƙirji da ciki, kuma da ita ake jan numfashi. Tana haɗuwa ne tun jariri na cikin watanni biyu zuwa uku na farko a mahaifa. Wani lokaci wata kusurwa ta baya ba ta rufe ba, sai ta zama kamar buhun da ɗinkinsa ya saki a gefe, duk aka matsa shi sai abin ciki ya bi ta nan. Irin wannan ƙaba ana samun ta a wajen jariri ɗaya cikin 3,000, kuma yawancinsu tun ranar haihuwa ake ganewa, domin hanjin ya hana huhu girma, jaririn ya fito ba ya iya numfashi. Ƙalilan ne ke girma da ita ba a sani ba, saboda ƙofar tasu ƙarama ce ko saifa da kitse sun toshe ta, har sai ciki da naƙuda, ko ƙiba, ko tari mai tsanani, ko ɗaukar kaya masu nauyi sun faɗaɗa ta. Tawa ita ce ake kira ta Bochdalek, sunan wani masanin jikin ɗan Adam na birnin Prague da ya bayyana ta a 1848. Tana baya, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 ta hagu take fitowa, domin hanta ta tare dama. Akwai wata ta gaba, bayan ƙashin ƙirji, ta Morgagni, sunan wani likitan Italiya, wadda ta fi wannan ƙaranci, ta fi fitowa ta dama, kuma sau da yawa sai mutum ya manyanta ake ganin ta. Inna ta yi shiru tana sauraro, sannan ta ce, "Likita, ko wani abu ne na ci ko na yi lokacin da nake da cikinta?" Ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, babu laifinki ko kaɗan. Halitta ce, a yawancin masu ita ba a samun wani dalili da za a nuna." Sai a ranar na gane abin da ta yi ta ɗauke da shi a ranta tun daren da aka kwashe ni.

Na tambaye shi, tunda na ji sauƙi, ko akwai maganin da zan sha in lallaɓa. Ya ce babu ƙwayar da ke rufe wannan ƙofa. Abin tsoro shi ne tumbi ya murɗe ko hanji ya shaƙe a bakin ƙofar jini ya daina kai masa ya ruɓe, kuma aikin da aka yi a irin wannan hali ya fi wanda aka shirya haɗari nesa ba kusa ba. Ya ce ana shiga ta ciki, ana shiga ta ƙirji tsakanin haƙarƙari, a wasu wuraren ana yi da kyamara ta ƙananan huji, ya danganta da girman ƙofar, da abin da ya haye, da yadda ya manne. Ni ta ciki za a shiga. In ƙofar ta haɗu da zare shi ke nan, in ta yi faɗi za a ɗinka mata raga ta musamman, don haka a tanadi ragar ko da ba za a yi amfani da ita ba. Ya lissafa mini abin da ka iya faruwa bai ɓoye ba: zubar jini, taɓa saifa har a cire ta, ciwon huhu bayan aiki, matsewar ciki in kayan da suka daɗe a sama suka dawo, da dawowar ƙabar wata rana. Takardar amincewa ni na sa mata hannu da kaina, Malam ya sa a matsayin shaida. 'Yan uwana mata, ku nemi a yi muku bayanin da Hausa har ku gane, jikinku ne.

Sai maganar kuɗi da shiri. An ba mu lissafi kashi-kashi: kuɗin aiki, na gado, na masu sa barci, da doguwar takardar magunguna da kayan aiki. Ragar ce ta fi kowane abu ɗaya tsada a takardar. Na karɓi adashina kafin lokacina da yardar sauran malamai, Malam ya sayar da masarar da ya ajiye, yayyena suka haɗa nasu. Wanda ke da inshorar lafiya, ta tarayya ko ta KADCHMA ta Jihar Kaduna, ya je ofishinsu tun kafin a kwantar da shi ya ji abin da suka ɗauka da wanda ba su ɗauka ba, ya karɓi takardar izinin turawa daga asibitin da ya yi rajista. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya, kada kunya ta hana shi. Kada ka ba kowa kuɗi a hannu ba rasit. An gwada yawan jinina da rukuninsa, da ƙoda, da suga, da ciwon hanta, aka ce mu kawo masu ba da jini. Ƙannen Malam suka je, ɗaya aka ce jininsa bai isa ba, saboda haka ka tafi da mutane fiye da adadin da aka ce. Likitan sa barci ya gan ni daban, ya duba bakina da wuyana, ya tambayi magungunan da nake sha har da na gargajiya, kuma a gaya masa gaskiya. Jiran rana shi ne ya fi cin rai, domin masu larurar gaggawa su ake fara shigarwa, kuma daidai ne. A wannan tsakani na koma cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai ruwa-ruwa, ba na kwanciya sai abinci ya faɗa, ina tada kai da matasai, ina salla a zaune. A nan ne kuma na yaye autana na kai shi wurin Yaya, abin da ya fi komai taɓa zuciyata.

An kwantar da ni kafin ranar aiki, da Inna a matsayin mai jinya. A tafi da bokiti, flas, tabarmar mai jinya, zannuwa da riguna masu buɗewa ta gaba. Daga tsakar dare aka hana ni ci. Da safe aka cire mini 'yan kunne da zobe, aka sa mini rigar tiyata, aka tura ni a gado. A bakin ƙofa Malam ya kama hannuna ya ce, "Maman yara, Allah Ya tashi kafaɗunki, muna nan." Ɗakin da sanyi sosai. Wata ma'aikaciya ta tambayi sunana da aikin da za a yi mini, aka ɗora mini abin shaƙa a fuska, ina cikin karanta Ayatul Kursiyyu ban kai ƙarshe ba.

Na farka a sashen kulawa ta musamman da roba a hanci, robar fitsari, ƙarin ruwa a hannu, da wata roba mai kauri da ta fito daga haƙarƙarin hagu ta gangara cikin wata kwalba mai ruwa a ƙasan gado. Ita ce ke fitar da iska da ruwan da suka rage don huhu ya samu wurin buɗewa. In na ja numfashi ruwan cikin robar ya hau, in na saki ya sauka, in na yi tari ya yi 'yan kumfa. Sista ta ja wa Inna kunne: kada a ɗaga kwalbar sama da ƙirji, kada a kifar da ita, kada a zubar da ruwan da sunan gyara wuri. Inna ta zama mai gadin kwalba, duk mai dubiyar da ya matso sai ta tare shi da hannu. Likita ya ce sun samu tumbi da babban hanji da kitsen ciki a sama, da gefen saifa a bakin ƙofar, duk da ransu, ba a yanke komai ba, kuma sai da aka sa ragar. Kafaɗata ta hagu ta yi ta ciwo har na zaci an bugar da ita, ashe jijiyar tsokar da aka ɗinka ce ke kai ciwon can. Aiki mafi wuya shi ne tari. Masu motsa jiki suka koya mini in rungume matashi a kan ɗinkin in yi tari da gangan, suka ba ni wata roba mai ƙwallaye uku in riƙa zuƙar iska ina ɗaga su. Da farko ɗaya ma rawa kawai take yi. Kada ka ƙi tari don tsoron zafi, ka nemi maganin ciwo sannan ka yi, in ba haka ba majina ta kwanta nimoniya ta gaske ta shigo. Sun tashe ni zaune tun washegari, sannan tafiya a baranda ana riƙe mini kwalba. Kowace safiya tambayar likitoci ɗaya ce, ko na yi tusa, domin ita ce alamar hanji ya farka. Sai bayan nan aka cire robar hanci aka ba ni ruwa cokali-cokali, sannan shayi, sannan koko. Da hoto ya nuna huhu ya buɗe aka zare ta ƙirjin, aka ce in ja numfashi in riƙe, kafin in ankara an gama.

Kafin sallama akwai biyan ragowar kuɗi da karɓar takardar sallama, a fara bin su tun da safe. Ka nemi a rubuta maka sunan ciwon, da irin aikin, da cewa an sa raga. An hana ni ɗaukar abu mai nauyi na wajen wata uku: ba jan guga, ba daka, ba goyo, ba ɗaga tukunyar tuwo. Wannan sai da haɗin kan gida, domin mace in ta miƙe tsaye kowa gani yake ta warke. Malam ya tara 'yan gidan ya faɗa musu da bakinsa, ƙanwata ta dawo wurinmu. An ce in guji taurin bayan gida, in yawaita ruwa da ganye, in nemi magani da wuri in tari ya kama ni. An cire zare a asibiti, na ci gaba da zuwa ganin likita ana ɗaukar hoton ƙirji lokaci-lokaci. Ranar da na fara yin sujada goshina a ƙasa na gama tasbihi ban ɗago neman iska ba, na daɗe ina hamdala. Azumin da ya biyo baya na yi shi cikakke da izinin likita.

Maganar haihuwa likita ya yi mana ita mu biyu tare. Ya ce a ba ɗinkin lokaci sosai kafin wani ciki, ya tura mu sashen tazarar haihuwa, ya ce in Allah Ya kawo rabo in fara awo da wuri a babban asibiti, in nuna takardar aikin tun zuwan farko, kuma a can zan haihu don a tsara yadda naƙuda za ta kasance. Na tambaya ko a kai yarana a duba su. Ya ce ba kasafai take bin gida ba, yaron da ke cikin ƙoshin lafiya ba ya buƙatar hoto, amma wanda ke yawan ciwon ƙirji a gefe ɗaya, ko amai da haki bayan cin abinci, ko ya ƙi girma, a kawo shi a kuma ambaci tarihina. Ni kuma an ce in na ji ciwo mai tsanani a saman ciki ko ƙirji, da amai ko yunƙurin aman da ba ya fita, ko ciki ya kumbura ba tusa ba bayan gida, ko numfashi ya sake tsananta bayan cin abinci, kada in tsaya kemis, in ɗauki takarduna in wuce sashen gaggawa in gaya wa likitan farko da na gani cewa an taɓa ɗinke mini tsokar da ke tsakanin ƙirji da ciki ta hagu, kuma akwai raga.